Baba Caniz na Ƙofar Sauri

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowace hanya take ƙarewa. Babana ya riga mu isa ranar wata Laraba, tsakanin la'asar da magariba, a ɗakinsa da ke Ƙofar Sauri. Allah Ya sa can ta fi masa nan.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abin da hannuna ya saba rubutawa shi ne zafin jiki da awon jini. Amma kwana uku na yi a bayan labulen zaure ina sauraron abin da masu gaisuwa ke faɗi a kansa, sai na ga idan na yi shiru, ƙarya ce za ta gaje shi.

Baffa, ƙanin Baba, shi ne a kan babbar darduma yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" sai ya girgiza kai, ya ja carbi, ya ce, "Bango ya faɗi. Yaya mutum ne mai baiwa, garin nan bai san darajarsa ba." Wannan bakin dai shi ne ya shekara ashirin yana gaya wa duk mai kunne cewa yayansa ya baro hankalinsa a Kaduna.

Mai shayin bakin titi ya rantse da idonsa ya ga Baba ya tsallake ganuwa riƙe da keke. Wani dillali ya ce ai ƙarfe ba ya cin sa. Waɗannan su ne mutanen da idan ya wuce da safe suke dunƙule hannu a bayansa suna kururuwar 'yan fim, suna faɗuwa da dariya. A cikin gida kuwa, wata surukar Baffa ta ja ni gefe, idanunta a bushe ƙamas, ta ce, "Don Allah idan an zo rabon kaya, in an ga layar zanan nan tasa, ki tuna da ni." Na ce mata abin da ya bari shi ne sanda ɗaya, da akwatin sukurdireba, da tari. Ta zaɓi wanda take so.

Ranar uku sai ga Honarabul, ɗan Goggo, da motoci uku. Turarensa ya riga shi shiga zaure. Ya fito da farin hankici ya danna a idanu, ya cire shi fes kamar yadda ya fito daga guga. Ya ce, "Kawu ne ya rene ni. Duk abin da na zama, shi ne." Ya kuma yi alkawarin gina katafaren ɗakin wasanni da sunan marigayi. Zaure ya ɗauki "Allah Ya saka da alheri." Ni kuwa taubashiyarsa ce, ina da ikon faɗa masa abin da na ga dama, don haka na ɗaga murya daga bayan labule na ce, "Honarabul, a yi wa ɗakin ƙofa mai faɗi, yadda ƙauraye 'yan sara-suka za su shiga da addunansu." Goggo ta mintsine ni a cinya har sai da wurin ya tashi. Ban yi nadama ba.

Ga Baban da na sani.

Ya yi shekara ashirin da wani abu a wata masaƙa a Kaduna, yana gyaran injin saƙa. Ƙurar auduga ta cinye masa ƙirji tun yana da ƙuruciya, har ya zama ba ya iya hawa bene sai ya tsaya sau biyu. Shugaban sashensu wani tsohon ɗan Caina ne, siriri kamar tsinken tsire. Wata rana ya tarar da Baba ya dafa bango yana tari, sai ya ja shi bayan ɗakin tukunyar ruwa, ya tsayar da shi, ya lanƙwasa masa gwiwa, ya ɗora masa tafi a ƙasan cibiya, ya nuna masa ya ja numfashi daga can. Babu mai jin yaren wani sosai. Tsohon yana ta maimaita wata 'yar kalma, "ci, ci." Baba ya ce ya fi wata guda yana zaton cewa ake ya ƙara cin abinci, kafin ya gane ƙarfin da ke yawo a jiki tare da numfashi ake nufi.

Daga numfashi aka koma tsayuwa, daga tsayuwa aka koma hannu, sannan sanda, sannan takobi. Shekara goma sha ɗaya suna yi a lokacin hutun rana. Da tsohon zai koma ƙasarsu ya bar masa takobinsa, siriri miƙaƙƙe mai jan tuntu a ƙota. Baba bai taɓa kiransa da komai ba sai "Malamina."

Da ya bar aiki ya dawo Katsina, ya buɗe 'yar rumfar gyaran keken ɗinki. Kullum idan an sallame asuba, sai ya shiga kangon da ke bayan gidanmu, ƙarƙashin bishiyar bedi, ya fara. A hankali yake yi, kamar mai tura wata ƙofa mai nauyi da shi kaɗai yake gani. Cikin mako guda unguwa ta raɗa masa suna: Baba Caniz. Dattijo mai gemu, mai jikoki, yana rawa shi kaɗai babu kiɗa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ƙwaya. Shi kuwa kallon hadarin kaji yake yi musu duka. Ban taɓa ganin mutumin da ya iya raini da ido kamar Babana ba. Idan wani mai tumbi ya yi masa ba'a, sai ya dubi tumbin, ya dubi fuskar, ya sake duban tumbin, ya wuce. Ya fi zagi ciwo.

Samari sun riƙa zuwa, musamman idan an nuna fim ɗin Caniz a gidan kallo. Kowa yana so a koya masa tashi sama da fasa bulo. Baba sai ya tsayar da su, gwiwa a lanƙwashe, ƙafa a buɗe, kamar wanda ya hau dokin da babu. Kwana arba'in babu abin da za a ƙara. Kafin sati ya zagayo, cikin ashirin saura uku. Yakan ce, "Sun zo neman sama, ƙasa ta gagare su." Waɗanda suka jure, darasin farko da yake ba su na kare kai shi ne, "In ka hango faɗa, canza hanya. In ya biyo ka, yi gudu. Sai an tare gudun sannan hannu ke magana, shi ma kalma ɗaya."

Rigimarsa da Baffa a kan wannan harka ta kango ce. Baffa ya kai ƙararsa gaban limamin unguwa, ya ce yayansa yana bautar iskokin Caina, yana sunkuyar da kai ga wanin Allah, yana zubar da mutuncin gida. Aka zauna a zauren liman. Ina gidan a ranar, na kai wa matarsa magani, don haka na ji komai. Baba ya bari Baffa ya gama, sannan ya ce:

"Allah gafarta Malam, numfashin nan da nake ja, na Allah ne ko na Caina?"

Liman ya ce, "Na Allah ne."

"To shi nake gyarawa. Ban kira kowa ba, ban yanka wa kowa ba. Shekarata sittin da biyar, in na yi sujada ni ke tashi da kaina. Ƙanena wanga da na girma da shekara bakwai, a kan kujera yake salla, in ya kuskura ya sauka ƙasa sai mutum biyu sun ɗago shi. Malam, wa ya fi kusa da asara a cikinmu?"

Liman ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce a bar sunkuyar da kai, saura kuwa motsa jiki ne. Baffa bai sake cin abinci a gidanmu ba sai ranar da aka dafa na sadaka. Ranar kam ya ci, har ya ce a zuba masa na yara.

Mutum ɗaya ne a cikin masu gaisuwa bai ce komai ba, kuma shi ne ya fi kowa abin faɗi. Maƙwabcinmu ne, tsohon malamin makaranta daga kudancin Kaduna, Kirista. Shekarun baya ɓarin jikinsa ya shanye, 'yan'uwansa suka gama zuwa dubiya suka koma harkokinsu. Baba, wanda ko gaisuwar kirki ba ta cika haɗa su ba, ya yi sallama wata safiya ya ce wa matar, "Fito mini da shi tsakar gida." Shekara guda cur yana zuwa. Ya ɗaga masa hannun da ya mutu, ya sauke, ya ce ja numfashi, ya ce saki. Idan malamin ya yi kuka don gajiya, Baba ya ce, "In ka gama, muna da saura goma." Ni da nake aikin asibiti na san akwai maganin likita a ciki, shi ma Baba bai musa ba. Amma na san magani ba ya zuwa gidan mutum kullum da safe. Ranar da malamin ya taka zuwa coci da sanda, matarsa ta shigo gidanmu tana kuka tana godiya. Baba ya ce, "Taurin kansa ne. Ku rage masa gishiri." Ya juya ya ci gaba da goge bobin keken ɗinki.

Ba zan mai da shi waliyyi ba, wannan aikin Baffa ne. Baba yana da rowar baki. Inna ta yi shekara arba'in tana dafa masa tuwo ba ta taɓa jin ya yi daɗi ba. Ɗakinta ya yi damina biyu yana yoyo alhali shi yana zaune yana shafa wa takobi mai. Mu biyu ya koya wa a cikin 'ya'yansa, ni da ƙanena. Ni a tsakar gida ya koya mini yadda zan zare hannuna idan an riƙe, da inda zan taka, da yadda zan gudu. Ƙanena kuwa shi ne ya gaji abin gaba ɗaya. Idan ya ɗauki sanda har kukan iska ake ji. Shekara goma sha biyar yana bin Baba kango, ya zama shi ke koya wa sababbi. Amma duk abin da ya yi, komai kyansa, amsa ɗaya ce: "Da saura." Na sha ganin ƙanena, gemu a fuska, ya gama ya tsaya yana haki yana duban bakin Baba kamar mai jiran hukunci. Da saura. Shi ke nan.

Sai soja suka ce za su miƙa mulki.

Kowa ya san yadda garin ya koma. Wanda jiya ba ya iya riƙe rumfar kayan gyara, yau ya buga fosta yana murmushi a jikin kowane bango. Ɗan Goggo yana cikinsu. Ya gwada sayar da taya ya karye, ya gwada kwangila ya gudu ya bar gini a linta, sai ya gano cewa talakawa ne ke kiransa. Baba ya ga fostar a jikin rumfarsa, ya ce, "Su ma sun iya ci. Nasu dai daban ne da na Malamina."

Wata ranar Asabar da hantsi ɗan Goggo ya zo gida, ya zube gaban Baba, ya yi gaisuwa mai tsawo wadda bai taɓa yin irinta ba. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙirji. Sannan ya ce:

"Kawu, abin nan naka bai kamata ya ƙare a kango ba. In Allah Ya ba mu, rufi za a yi maka, da siminti, da riguna iri ɗaya. Abin da nake so kawai, ka ba ni yaranka su riƙa raka ni taro. Tsaro ne kawai."

Baba ya ce, "Tsaron mi? Wa ke neman ka?"

"Kawu, ka san 'yan adawa."

"Na san su. Tela ne da mai gyaran rediyo da malamin firamare. Ƙauraye kake so, amma masu tsabta. Ka tahi kasuwa, akwai na haya."

Ɗan Goggo ya tashi yana murmushin da bai kai ido ba. A ƙofar gida ya tarar da ƙanena yana wanke babur. Daga baya na ji abin da ya ce masa. Bai yi masa alkawarin komai mai yawa ba. Cewa ya yi, "Wallahi duk jihar nan babu kamarka. Tsohon nan ya san haka, hassada ce ta hana shi faɗa." Abin da ƙanena ya yi shekara goma sha biyar yana jira a bakin uba, ya same shi a bakin ɗan damfara cikin minti ɗaya.

Kafin wata ya ƙare, ƙanena ya kwashe rabin ɗaliban ya koma gidan da ɗan Goggo ya kama a GRA. Takobin ma ya ɓace daga bayan ƙyaure. Baba ya ci gaba da shiga kango da waɗanda suka rage.

Ina bakin aiki wata rana da azahar aka shigo da mutum jini ya jiƙe masa riga. Tela ne na unguwarmu, mai 'ya'ya shida, laifinsa shi ne ya ɗaura tutar wata jam'iyya a kan rumfarsa ranar da ayarin ɗan Goggo ya biyo ta layin. Na buɗe hannun. Na ga saran adda, na ga na wuƙa, na ga na kwalba, na san kowanne. Wannan daban ne: dogo, siriri, miƙaƙƙe daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, kamar an ja da rula. Na tambaye shi wa ya yi. Ya dube ni, ya kawar da kai. Ya ce, "Hajiya, ki dai ɗinke."

Na taimaka aka ɗinke. Na wanke hannu na fito. Na yi ta juya abin a raina a hanya. Idan na faɗa, na raba uba da ɗa. Idan na yi shiru, gobe wuya za a kawo mini ba hannu ba. Na wuce rumfar Baba da fararen kayana na gaya masa.

Ya ajiye sukurdireba. Ya rufe rumfa. Ya ɗauki sandarsa, ba ta wasa ba, ta dogarawa, ya kama hanyar GRA a ƙasa, cikin zafin rana. Na bi shi. Ya ce in koma, na ƙi.

Gidan cike yake da samari, sun fi talatin, wasu a kan katanga, wasu a ƙarƙashin mangwaro, hayaƙi yana tashi, idanu jajur. Ɗaliban Baba na cikinsu. Da suka hango shi sai suka fara sulalewa bayan motoci. Ƙanena ne kawai ya tsaya a tsakiyar fili, jan ƙyalle a goshi, takobin a hannunsa cikin kube.

Baba ya miƙa hannu. "Ba ni."

Ƙanena ya ce, "Baba, shekara goma sha biyar. Ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa na iya ba. Nan an ce na iya."

"Ka iya. Ka iya saran tela mai almakashi. Ba ni."

Wani ƙato da ba ɗalibinsa ba, wanda bai san ko wane ne tsohon ba, ya taso da gora yana cewa a fitar da mahaukacin nan. Masu cewa Baba yana tashi sama, ga abin da na gani da idona: bai ko ɗaga sandar ba. Ya matsa rabin taki gefe, ya taɓa gwiwar hannun ƙaton, ya juya ƙugu. Ƙaton ya wuce da gudunsa da gorarsa ya dasa fuska a cikin kwatar gidan. Babu wanda ya yi dariya. Baba ya tsaya ya yi tari mai tsawo, ya share baki, ya taka zuwa gaban ƙanena, ya kama kuben. Ƙanena ya fi shi ƙarfi sau uku a lokacin. Na ga yatsunsa sun ƙanƙame, na ga sun saki.

Duk wannan abin, labulen tagar bene yana motsi. Gwarzon talakawa, ɗan Goggo, yana bayansa. Ya aiko wani ya ce a gaya wa Kawu yana mitin.

Baba ya dubi ƙanena ya ce, "Kada ka sake taka mini kango." Ya juya.

Daga can ba gida ya nufa ba, gidan tela ya wuce. Ya tarar an dawo da shi yana kwance a zaure. Babana, wanda ban taɓa ganin ya sunkuya wa mai kuɗi ko mai mulki ba, ya durƙusa a gaban tabarmar ya ajiye takobin. Ya ce, "Hannun da ya sare ka, ni na koya mishi. Ka yafe mini. Wannan kuma naka ne, ka yi abin da ka ga dama da shi." Wata uku Baba yana rufe rumfarsa da rana yana zuwa ya taka wa tela keke, tela yana nuna masa inda zai bi da hannun hagu, har aka fitar da ɗinkin salla. Takobin Malaminsa kuwa, daga baya muka ji matar tela da shi take fasa kabewa. Na ɗauka abin zai yi masa ciwo. Ya ce, "Ta fi ɗana sanin amfaninsa." Tun daga ranar bai sake koya wa kowa sanda ko takobi ko naushi ba. Kango ya koma na tsofaffi masu hawan jini da ciwon gwiwa, suna ɗaga hannu a hankali suna jan numfashi.

Ɗan Goggo ya ci zaɓe ya zama Honarabul. Bayan rantsuwa da 'yan makonni aka yi kamen ƙauraye, aka haɗa da ƙanena. Goggo da kanta ta je ta roƙi ɗanta. Ya ce shi mutum ne mai bin doka, kuma bai san yaran ba, masoya ne kawai da ke bin ayari. Wata bakwai ƙanena ya yi a tsare ana ɗage shari'a. Ni nake kai masa abinci. Baba bai je ba ko sau ɗaya, bai kuma tambaya ba, sai dai duk ranar da zan je nakan tarar an ajiye ƙullin goro a kan kwanon, Inna kuma ta ce ba ita ba ce. Tela ne ya je ya ce ya yafe, aka sake shi. Bai kwana a Katsina ba. Ya tafi Kano ya kama acaɓa. Shekara huɗu shi da Baba ba su ga juna ba.

A bana ƙirjin ya dawo karɓar abinsa. Ƙurar da ya shaƙa yana saurayi ta yi haƙurin shekara arba'in, numfashin Malaminsa ya riƙe ta iya riƙewa. Muka kwantar da shi asibiti sau biyu, na uku ya ce a mai da shi ɗakinsa. Na san abin da nake gani, aikina ne. Ban nemi izininsa ba, na aika wa ƙanena.

Ya iso ranar Laraba bayan azahar, ya yi baƙi, ya rame, idanunsa sun yi ja saboda hayaƙin titi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga. Baba yana kwance, numfashi yana fita da ƙyar kamar ana jan guga a rijiya mai zurfi. Ba ya iya kwanciya sosai, ba ya iya zama. Na sa filo uku, duk suna zamewa.

Ƙanena ya cire takalmi ya shigo. Bai gaishe shi ba, bai ba da haƙuri ba. Ya hau gadon ya zauna a bayansa, ya ɗago shi ya jingina bayan Baba a ƙirjinsa, ya zagayo da hannu ya ɗora tafi a ƙasan cibiyarsa. Ya fara jan numfashi a hankali, mai zurfi, yana saki a hankali. Na ga Baba ya ƙanƙame jiki kamar zai ture shi. Sai kuma na ga kafaɗunsa sun sauka. Kaɗan kaɗan numfashinsa ya fara bin na ɗansa. Aka kira la'asar suna haka. Inna tana bakin gado tana yi masa kalmar shahada, yana amsawa da leɓe.

Can sai ya buɗe ido. Bai waiwaya ba, ya ce, "Na yi maka rowa."

Ƙanena ya ce, "Rowar mi, Baba?"

"Ta baki."

Ƙanena ya kifa goshi a kafaɗarsa, bai daina numfashin ba. Baba ya shafa hannun da ke kan cikinsa, ya tsaya a wuyan hannun, ya lalubi ƙashin. Ya juyo da ido wurina, da irin kallon nan nasa na kullum, kamar ni ce mai laifi.

"Ɗiyata, kin tsaya kallo. Ba shi abinci, ba ki ga ya rame ba?"

Na fita da sauri. Na zuba shinkafa da wake, na sa mai da yaji, na tsaya neman cokali. Da na dawo da kwanon, Inna ta rufe fuska da mayafi. Ƙanena yana nan yadda na bar shi, yana riƙe da Baba a ƙirjinsa, yana ja a hankali, yana saki a hankali, shi kaɗai.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo. Ka yafe masa kaifin idonsa da nauyin bakinsa, Ka yalwata masa makwanci, Ka ba shi iskar da babu ƙura a cikinta.